Gahawar da Ta Kwana a Buhun Citta

Ranar wata Laraba ce a cikin watan Afrilu. Tun da safe hadari ya haɗu a kan duwatsun Kagoro, ya yi baƙi ƙirin, sai gurnani yake yi amma ya ƙi sauka. Iska ta tsaya cak. Zafi ne irin wanda ke sa kaji su buɗe baki su saki fukafukai. Kaka Ezekiyel na zaune a gindin mangwaronsa, can bayan garin Kafanchan, da daro a gabansa, yana ɓalle irin citta don shuka. Duk wanda ya ɓalle sai ya kai hanci tukuna. Mai lafiya ya jefa a daro, mai ciwo ya cilla gefe. Haka yake yi tun shekarar da cuta ta ruɓar wa mutane da citta a gona. Da hancin nan ya tsira da ɗan irin da ya rage masa.

Sai ga ƙarar mashin a ƙofar gida. Jikarsa Milka ce, wadda ta bar aiki a Abuja ta dawo ta buɗe ɗan shagon suyar gahawa kusa da layin dogo. Cikin jikokinsa goma sha ɗaya, ita kaɗai ce ta dawo gida ta zauna. A bayan mashin ta ɗauro buhun algarara cike taf. Tsoho ya dubi buhun, ya hango shuɗin zare a gindinsa. Ya san zaren nan. Sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa kamar mutumin da bai taɓa ganin buhu ba.

"Maraba da amarya. Ina gajiya? Yau har da kaya? Kin dawo ɗakin miji ke nan?"

"Riƙe gaisuwarka."

"Na riƙe. Dama asararta na yi. Mace ta shigo gidan mijinta ko ɗan rusunawa babu, sai huci kamar kububuwa."

"In rusuna wa ɓarawon buhu?"

"Ɓarawo? Ni? Dattijon ikilisiya shekara talatin? Ni da nake zagawa da farantin baiko kowace Lahadi?"

"Shi ya sa baikon ba ya auki."

"Ubangiji, ka ji bakin yarinyar nan! Ni na riƙe ta ranar da aka raɗa mata suna, ta yi mini fitsari a rigar Kirsimeti, ban kai ƙara ko'ina ba."

Milka ba ta yi dariya ba. Ta sauke buhun da ƙyar, ta jingine shi a jikin mangwaro. Ta ciro filas daga jaka, ta ɗauki kofin silba na tsohon, ta zubar da ruwan ciki, ta tsiyaya masa baƙar gahawa mai tururi.

"Sha."

"Me na yi miki za ki kashe ni ranar Laraba? Ki bari sai Asabar mana, ma'aikata su samu zuwa biso."

"Kaka, sha."

Shekara biyu ke nan tana suyar gahawa, kuma shekara biyu ke nan yana ƙin sa ta a baki. Sau ɗaya ya taɓa kurɓa, ya tofar, ya ce ruwan toka ya fi ta mutunci. Amma yau ya ga idon yarinyar ya yi ja, sai ya karɓa. Ya kurɓa. Ɗaci ya fara zuwa, sai wani ɗumi ya biyo baya, ya sauka a maƙogwaro a hankali har ƙirji. Ya san ɗumin nan kamar yadda ya san muryarsa. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne abin ya yi masa daɗi.

"Me ka ji?"

"Ɗaci. Kamar halinki."

"Bayan ɗacin fa?"

"Nadama."

"Bayan nadamar?"

"Ɗan ɗumi haka."

"Ɗumin me?"

"Ɗumin ruwan zafi mana. Da ƙanƙara kika dafa?"

"Citta ce, Kaka! Citta! Buhu uku suka zo mini daga Mambila, ƙarshen girbin bana ke nan, babu wani sai baɗi. Dukansu uku citta suke wari. Ranar Asabar Madam Faustina mai masaukin baƙi za ta zo tun daga Jos ta ɗanɗana. In ta yi mata, kowane wata za ta riƙa ɗauka, shagona ya tsaya da ƙafarsa. In ta ji wannan, me zan ce mata? In ce ga yajin mai jego?"

"To, in ba ta ɗauka ba, wani ya ɗauka."

"Babu wani. In ba ta ɗauka ba na rufe shago. Wurin aikina na Abuja sun ce in na ga dama in koma. Zan koma."

Tsoho ya ajiye kofin a hankali. Maganar Abujan nan ta soke shi, amma bai bari ta fito a fuska ba. Ya ɗauki wani irin citta ya kai hanci, ya daɗe yana shinshinawa, alhali ba ya jin komai.

"Ki koma mana. In huta. In auri mai hankali."

"Wace mai hankali ce za ta auri haƙora huɗu?"

"Biyar ne. Akwai ɗaya a can ciki, ba ya son mutane. Kuma ni ina ruwana da gahawarki? Garin nan gaba ɗaya citta yake wari. Jaririn Kafanchan ma in ya yi gyatsa, citta ce."

"Shekara biyu ina suya a garin nan, ban taɓa jin haka ba."

"To, mutanen Mambila ne."

"Manomana ba sa shuka citta."

"Motar da ta kawo."

"Motar ayaba ce."

"To, hancinki ne. Hayaƙi ya cinye shi. Tun kina ƙarama ma ba wani hanci ne da ke ba, ɗan maɓalli ne aka liƙa miki."

"Ai gara maɓalli da naka mai kama da tulun da ya faɗi a kasuwa."

Ta sa hannu a aljihu ta ciro wani ɗan busasshen abu, ta ɗora masa a gwiwa. Ɓarin citta ne, an tsaga shi biyu yadda manoma ke tsagawa kafin shanya.

"A kusurwar buhu na same shi. Wannan fa?"

Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Ban san shi ba. Ba ɗan gidan nan ba ne. Cittata ba ta rama haka. Wannan da gani marayan citta ne."

"Ka rantse."

"Mai bi ba ya rantsuwa. Ko wannan ma ba a koya muku a Abuja?"

Milka ta dube shi. Ita ma jininsa ce, ta san inda ake taɓa shi. Ta durƙusa ta juya gindin buhun, ta kama shuɗin zaren nan da yatsa biyu kamar mai ɗaga mataccen ɓera.

"Shi ke nan, ba kai ba ne. Na yarda. Don ko kai ba za ka yi wannan ƙazamin ɗinki ba. Dubi yadda ya karkace. Ko wane ne ya yi, bai taɓa riƙe basilla ba. Da ƙafa ya ɗinka. Ga ƙulli har uku, kamar mai ɗaure akuyar da ta haukace. Abin kunya."

"Ƙazami?"

"Ƙazami."

"Wannan ɗinkin?"

"Ko ɗan firamare ya fi shi."

Tsoho ya miƙe tsaye, daro ya kusa kifewa.

"Ke, rufe mini baki! Buhun nan ya je Mambila, ya hau dutse ya sauko, ya dawo har Kafanchan, ko ƙwaya ɗaya ta zube? Ramin da ke gindinsa sai da na sa hannuna ya wuce! Ƙulli uku kuwa da dalili nake yi: Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Shekara hamsin ɗinkina bai taɓa..."

Sai ya tsaya. Kaji ma kamar sun tsaya. Can kan Kagoro hadari ya yi gurnani.

"Ci gaba, dattijon ikilisiya. Ina ji. Ai da irin ƙullin nan ka ɗinke mini jakar makaranta."

Ya koma ya zauna, ya gyara hula.

"Taimako na yi. A ƙasar nan in ka yi taimako, ɓarawo ake kiranka."

"Yaushe?"

"Ranar da aka yi ruwan bazata cikin Fabrairu. Kin tuna? Cittata na shanye a kan falalen dutse, saura kwana biyu ta bushe. Sai ga ruwa ba sallama. Na ruga ɗaki neman buhu, babu ko ɗaya. Don me? Don wata 'yar boko ta zo ta kwashe mini buhunan leda kaf, ta ce leda na shaƙe ƙasa, ta ce in na ƙone su hayaƙin zai huda sama. Wace ce ta faɗa?"

"Ni ce. Amma na ce zan kawo maka na algarara."

"Kin kawo?"

"Na manta."

"Ta manta! To, ni da na waiga na ga buhunan algarara uku a kan igiyata, a tsakar gidana, suna shan iskata, me zan ce? Na ce Ubangiji ya tanada, amarya ta cika alkawari."

"Shanya su na yi! Shagona ba fili. Na gaya maka manoman Mambila zan mayar wa, su sake zuba mini a ciki, kada a yi ta sayen sababbi."

"Kin ce buhu. Ba ki ce buhu mai tsarki ba. A garin nan duk buhun da ba komai a ciki, buhun citta ne. Tambayi kowa."

"Kwana nawa ta yi a ciki?"

"Kaɗan."

"Nawa?"

"Mako uku. Da na sayar, na kakkaɓe su tas, na ɗinke ramuka, na mayar kan igiya yadda na same su. Ko godiya ba a yi mini ba."

Milka ta ɗora hannu biyu a ka.

"Mako uku! Kaka, ɗanyar gahawa shan wari take yi kamar yadda soso ke shan ruwa. Ko albasa ba na bari a shigo mini da ita shago. Ranar suya ko sabulu mai ƙanshi ba na wanka da shi."

"Shi ya sa har yau ba ki samu miji ba sai ni."

"Kai ma don ba ka gani sosai ne."

"Ina gani sarai. Ina ganin yarinyar da ubanta ya sayar da aladu ya kai ta jami'a, ta dawo tana bin gidajen mutane tana tsintar totuwar masara."

"Totuwar nan da ita nake suya! Ba na sayen gawayin da aka sare itace aka yi. Ka dubi dutsen can, rabinsa ya yi sanƙo kamar kanka."

"Kakarki Miriyam ta yi girki da totuwa shekara arba'in, ba wanda ya zo ya ɗauke ta hoto."

"Kwalabe kuma, mai saye ya dawo da tasa in sake cika masa, ba leda ko ɗaya."

"Haka muke sayen manja tun kafin a haifi ubanki."

"Gangar suyata sola ke juya ta, ba janareto."

"Mu hannu ke juya namu, ba ya jiran rana."

"Ƙaiƙayin da ke fita a suya, wa nake kawo wa? Gonar wa ta yi baƙi ta yi laushi bara? Wa ya daina sare rassan itace don rufe citta?"

Wannan kam gaskiya ce, tsoho ma ya sani. Sai ya ce, "Ƙasar ce dama mai kirki."

"Duk wahalar nan, Kaka. Shekara biyu mutane na yi mini dariya, suna ce mini mai shara. Na ce ba komai, wata rana za su gane. Sai ga shi buhun da na ƙi yarwa shi ne ya kashe ni. Da leda na saya sabuwa kamar kowa, da yanzu ina zaune lafiya." Ta nuna buhun da yatsa. "Zan kai su rafi in zubar, duka ukun. In ya so kifaye su sha su hana kansu barci."

Nan fa ran tsoho ya ɓaci da gaske.

"Ki zubar? Ke? Ke da kika tsaya a tsakar gidan nan kika yi mini wa'azi a kan ɓawon ayaba? Wa'azin da ko Fasto bai taɓa kai tsawonsa ba? Mutane sun hau dutse sun tsinke abin nan ƙwaya ƙwaya, ke kuma ki ba kifi? Ashe duk surutu ne. Ba a zubar da komai, ba a zubar da komai, sai ranar da abu ya yi wuya!"

"To, me zan yi da ita? In yi maka kunu?"

Yana kallon buhun. Yana tuna shekarar cuta, yadda ruɓa ke fara cin tarin citta daga gefen da ya taɓa damshi, tsakiya kuwa sai daga baya. Ya tambaya a hankali:

"Tun da suka zo, kin juye su?"

"A'a. Baki kawai na buɗe na ɗiba."

"Daga sama, jikin buhu."

"To daga ina zan ɗiba? Daga Gwantu?"

"Sauran biyun ma ba ki motsa su ba?"

"Suna nan yadda aka sauke su."

"Yawwa. Lalacinki ya yi amfani yau. Wari ba tsalle yake yi ba, amarya, rarrafe yake yi. Daga jikin buhu yake shiga. Mai yiwuwa bai kai ciki ba tukuna. Kwantar da buhun nan, a farke shi ta gefe kamar cikin kifi, kada a girgiza. Ni zan ware miki."

"Da me?"

Ya nuna hancinsa.

"Da tulun da ya faɗi a kasuwa."

"Kai da tun safe kake cusa citta a hanci? Hannunka citta, rigarka citta, hularka citta. In aka matse ka, shayi za a yi. Gidan nan ma ko kajinsa citta suke wari. A ina za ka shinshina?"

Kafin ya amsa, iska ta taso. Ganyen mangwaro suka soma zuba, ɗigon farko ya bugi daro. Tsoho ya dubi sama, ya dubi buhu, ya dubi ɗakin da ke ƙarshen gida, wanda ƙofarsa ke kulle shekara huɗu, tun ranar da aka binne matarsa Miriyam. Shi kaɗai ke shiga, ranar Asabar, ya share ya fito. Ya sa hannu a wuya ya ciro makullin da ke rataye a igiya.

"Ja buhun zuwa ɗakin kakarki."

Milka ta tsaya.

"Kaka..."

"Kada ki yi mini Kaka. Matar nan ta auri manomin citta, amma citta atishawa take sa ta. Shekara arba'in da shida ko ɓari ɗaya bai taɓa ƙetare ƙofar can ba. Ni kaina sai na yi wanka take bari in shiga. A duk Kafanchan babu ɗakin da ya kai shi tsabtar iska. Ja mana, kin tsaya kamar turmi, ruwa zai jiƙa miki dukiya!"

Ta ja. Shi kuma ya rufe daron irinsa, ya zaga bayan gida ya wanke hannu da fuska da toka da lemun tsami, ya sake wankewa, ya canja riga. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ƙanshin ƙasa ya tashi ya wanke iskar gidan. Da ya shigo ɗakin, Milka ta riga ta shimfiɗa tabarma, ta kwantar da buhun, ta farke shi.

"Rigar Lahadi ka sa?"

"Aikin Ubangiji zan yi. Matsa."

Ya durƙusa. Ya ɗebi na gefe ya kai hanci. "Citta." Ya zuba a hagu. Ya ƙara shiga kaɗan. "Citta." Ya ƙara. "Citta, amma ta gaji." Ya nutsa hannu har wuyan hannu, ya ɗebo daga tsakiya, ya rufe ido, ya daɗe.

"Wannan ciyawa kawai yake wari. Ciyawa da taurin kai. Naki ne."

"Ban yarda ba. So kake ka wanke kanka. Rufe ido."

"A rufe yake."

"Da ɗankwali. Na san ka."

Ta ɗaure masa fuska da ɗankwalinta. Ta ɗebo daga gefe ta kai masa.

"Citta."

Ta ɗebo daga tsakiya.

"Lafiya lau."

Ta sake ɗebowa daga tsakiya.

"Lafiya lau. Kina tsammani zan ce citta don kin canja hannu?"

Sai ta haɗa biyu, ƙwaya kaɗan na gefe cikin na tsakiya.

"Munafuka. Kin gauraya. Haka za ki yi wa Madam ɗin taki?"

Sau tara ta gwada shi, sau tara bai kuskure ba. Duk da haka ba ta gamsu ba. Ta ɗauko tsohon kaskon kakarta daga bayan ƙofa, ta hura totuwa a bakin baranda, ta soya tafi biyu na tsakiyar, tana juyawa har suka yi ƙara suka yi duhu. Ta daka a ƙaramin turmi, ta zuba ruwan zafi, ta jira. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Ta sake kurɓa. Tsoho na kallonta, zuciyarsa na bugawa kamar gangar zumuntar mata, amma sai ya yi kamar ruwan sama yake kallo.

"To?"

"Babu."

"Babu me?"

"Babu citta."

"Ɗaga murya. Kunnena na hagu ya yi ritaya."

"Na ce babu citta! Tsohon banza, babu citta!"

"A buhu ɗaya za a samu kamar rabi. Sauran biyun ki kawo su gobe a kwance, a hankali, kada ki bi ramukan hanya da su kamar yadda kika saba. Rabi zai ishi Madam?"

"Zai ishe ta ta fara. Sauran rabin fa?"

"Miƙo in ji wadda kike ta yabo."

Ta miƙa masa. Ya kurɓa, ya yamutse fuska kamar wanda ya tauna maɗaci.

"Tir! Don wannan za a taso tun daga Jos? Ina filas ɗin nan?"

"Wane filas?"

"Na ɗazu. Wanda aka gyara."

"Wanda aka ɓata dai."

"Wanda aka gyara, na ce. Shekara biyu kina dafa wa mutane baƙin ciki, sai da mijinki ya sa hannu abin ya zama abin sha. Miƙo."

Milka ta dube shi, ga rigar Lahadi, ga toka a gefen kunne, ga ɗankwalinta har yanzu rataye a wuyansa. Dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa, har hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba. Ta miƙa masa filas ɗin.

"Sha, ɓarawo. Duk abin da hancinka ya ƙi, naka ne. Kai za ka shanye shi, ko zai kai ka shekara ɗari."

"Ba kyauta ba ce, ladan aiki ne. Kuma ban ce na yi laifi ba."

"Ba ka ce ba."

"Buhu dai na ara."

"Ka ara."

Ya tsiyaya, ya sha, ya yi ajiyar zuciya. Sannan ya cire igiyar makullin daga wuyansa, ya jefa mata a cinya ba tare da ya dube ta ba.

"Riƙe. Na gaji da sharar ɗakin nan kowace Asabar. Ki zuba buhunanki a ciki, masu kaya da marasa kaya, kada in sake ganinsu a kan igiyata. Amma ki sani, wanda ke riƙe da makullin ɗakin Miriyam ba ya kwana a Abuja."

Ta juya makullin a hannu.

"To, in na zauna, wa zai aure ni a garin nan?"

"Kina da miji."

"Mai haƙora huɗu."

"Biyar."

Ranar Asabar Madam Faustina ta zo, ta ɗanɗana, ta ɗauki wadda aka ware. Ba ta kai yadda ta so ba, amma ta ce za ta jira girbi na gaba, kuma ta jira.

Yanzu shagon Milka na nan kusa da layin dogo, tana suya da totuwa, masu saye na dawo da kwalabensu. Buhunan algarara na zuwa Mambila suna dawowa, kowanne da jan ƙyalle a baki don kada a sake aro, an ɗinka shi da ƙulli uku. Ɗakin Miriyam ya zama ma'ajiyar gahawa, ba mai shiga sai ya wanke hannu. Ƙaiƙayi na tafiya gonar tsoho. Gahawa mai citta kuwa, shi da dattawan ikilisiya suka shanye ta kafin Kirsimeti, har wasu na zuwa shago suna tambaya ko da saura. Kaka Ezekiyel yana nan, shi ke shinshina kowane buhu in ya iso, kuma har yau bai ce ya yi laifi ba.